Tirela Zuwa Bakin Kogin Haɗejiya

A Sule Tankarkar yaro yana iya cika shekara goma bai ga ruwa mai gudu ba. Ƙasar yashi ce, ta rijiyoyi masu zurfi da tafkunan da ke ƙafewa bayan kaka. Saboda haka da wani direban tirela na garin ya samu aikin ɗauko shinkafa daga Haɗejiya, mahaifiyarsa ta ce ƙafarsa ƙafarta. A wani ƙauyen fadamar Haɗejiya aka haife ta, aure ya kawo ta tudu, yanzu kuma idonta ya fara hazo. Tana so ta ga kogin tun da sauran gani, jikokinta biyu suna gefenta.

Ya yi nauyin amsawa, kuma yana da dalili. Duk wanda ya san kasuwar Alhamis ta Maigatari ya ga yadda mutane ke ɗarewa saman motocin shanu masu zuwa Kudu, ya kuma san abin da ake kwasa a titi idan ɗaya ta kife. Ya kafa sharaɗi: kowa a gaba tare da shi, babu mai hawa bodi.

A Gumel tsohuwar ta shaida wa yaran cewa wannan masarautar Mangawa ce, wadda ta bi Borno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ta kuma daɗe tana gwabzawa da Haɗejiya. Babban ya tambaya ko ke nan kakansu daga gidan abokan gaba ya auro ta. Ta yi dariya har da tari. Suka tsallake layin dogon Kano zuwa Nguru a Malam Madori, suka shiga Haɗejiya, garin da Sarki Muhammadu ya faɗi yana yaƙar Turawa a 1906.

Kogin da ta baro ba shi ta tarar ba. A ƙuruciyarta yakan cika ya malala da damina, ya janye da rani ya bar laka mai albarka ga manomi da ciyawa ga makiyayi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya wannan tsari: ruwa ya koma zuwa kusan duk shekara, kacalla ta samu abin da take so, ta cushe rassan kogin, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa.

Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. "Kai wannan," ta ce, "kai ni in taɓa."

"Inna, akwai santsi."

Ya riƙe mata hannu har ta tsuguna. Ta daɗe da tafinta cikin ruwan, tana lissafa wa yaran sunayen kifi: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, gaiwa mai kwana cikin busasshiyar laka. Ƙaramar ta cika gorar roba don ta nuna wa ƙawayenta a gida. Can sama wayarsa tana ta ƙara, 'yan dako suna jiran mota.