Kalmomi Biyu Kafin Loma

Duk sa'ad da aka tashi koya wa 'yan firamare wani abu game da abincin Japan, da sushi ake farawa, a nuna musu hoton ɗanyen kifi, su yatsine fuska, a tashi. Ni kuwa da za a miƙa mini alli, da kalmomi biyu zan fara: itadakimasu da gochisosama.

Ta farko ana faɗinta ne kafin a fara ci, an haɗa tafukan hannu, ma'anarta "na karɓa da tawali'u". Ta biyu sai an kammala, kuma tushenta kalma ce da ke nufin kai-komon da mai gida ya sha kafin ya haɗa wa baƙo abinci. Yaron da ya tashi da bisimilla da alhamdulillahi ba zai sha wuyar ganewa ba, amma wajibi ne malami ya fayyace masa bambancin: namu ambaton Allah ne, nasu kuwa yawanci godiya ce ga manomi da masunci da mai girki, har da ran da aka ɗauka domin a ci.

Su Japanawa a aikace suke koyar da wannan. Ciyar da ɗalibai a ƙasar ta faro ne a 1889, a wata makarantar garin Tsuruoka da ke dafa wa 'ya'yan talakawa. An yi dokarta a 1954, sannan a 2005 aka kafa dokar shokuiku, wato tarbiyya ta hanyar abinci. Da rana ta take, yaran da layi ya zo kansu sukan sa fararen riguna da huluna, su ɗauko tukwane, su zuba wa 'yan ajinsu. Malami na zaune a cikinsu, abin da suka ci shi zai ci. Su ne kuma za su kwashe kwanuka.

Hatta tsinkayen cin abincinsu, hashi, suna da ladabi. Ba a soka su a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci.

Yaron da aka nuna wa ɗanyen kifi kawai zai koma gida da labarin wasu mutane masu abin mamaki. Wanda aka koya wa kalmomin nan kuwa, ina sa ran da daddare zai dubi malmalar tuwon da ke gabansa, ya tuna akwai wadda ta sha hayaƙi kafin ta iso.