Abin da Ba Ya Shiga Takardar Gado

Idan aka zauna rabon gado a zangonmu na Kumasi, kowane abu yana samun kuɗinsa: ɗaki, keken ɗinki, turamen atamfa, har butar alwala. Ni ke riƙe alƙalami a gaban mai gida sarkin zango, don haka na san abu guda da ba a taɓa yi wa kima ba, wato hoto. Kullum a ƙasan adaka ake samunsa, ƙarƙashin tufafin Salla, yana ƙamshin kafur. Sai magada su yi ta miƙa wa juna, kowa ya duba ya yi shiru, a rasa layin da za a rubuta shi.

Wanda bai san mu ba, idan ya ga hoton miji da mata na iyayenmu, zai ce babu ƙauna a ciki. Ba murmushi, ba riƙe hannu. Shi yana zaune ya ɗora tafukansa a gwiwa, ita tana tsaye a bayansa, idonta ya kauce wa na'urar kaɗan. To, matar da ba ta kiran sunan mijinta saboda kunya, yaya za ta rungume shi a gaban baƙo mai kyamara? Sai mutum ya iya dubawa. Zai ga yadin rigarsa da na ɗankwalinta ɗaya ne, ko agogonsa a hannunta ya yi mata yawa, ko yatsunta biyu a kan makarin kujera, saura ƙiris su taɓa kafaɗarsa. A wannan ƙiris ɗin suka ajiye abin da baki ba ya faɗa.

Seydou Keita na Bamako ya fahimci wannan sosai. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, galibi ɗauka ɗaya tak saboda tsadar kayan aiki. Yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur don wanda yake so ya fito da su, ko da ba nasa ba ne. Ban ga yaudara a nan ba. Mutum yana gaya wa wanda yake so yadda yake fatan a tuna da shi ne. A 1991 aka nuna hotunansa a Amurka ba tare da sunansa ba. Daga baya aka nemo shi, sunan nasa ya cika duniya kafin rasuwarsa a 2001. Amma mafi yawan mutanen da ke cikin hotunan har yau ba su da suna. Matar da ta yi kwalliya don idon mutum ɗaya, ga ta a bangon gidan kallo a Faransa, dubbai suna wucewa suna yaba zanen da ta ɗaura.

A wurinmu kuwa hoto ya ƙara nauyi a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako 2 su bar Gana. Zanguna suka yaye. Mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar, garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba. Aure da yawa ya rabu ba da saki ba. Abin da ya saura a hannun wanda ya zauna, sau da yawa, takarda ce ’yar tafin hannu, baƙi da fari.

Yanzu wasu ’ya’yanmu, saboda tsoron Allah, da sun ga hoton mamaci sai su ce a ƙona. Ba na raina niyyarsu, hadisan da ke tsawatarwa kan surantawa ingantattu ne, kuma malamai sun saɓa kan ko hoton na'ura ya shiga ciki. Shehu Muhammad Bakhit, wanda ya yi muftin Masar, ya tafi a kan cewa tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi ke nunawa. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da nake tuna musu shi ne sarƙar Nana Khadija: bayan Badar, Nana Zainab ta aiko da ita cikin fansar mijinta, Annabi (SAW) yana ganinta tausayi ya kama shi ƙwarai, har ya nemi sahabbai su saki mutumin su mayar mata da kayanta. Sarƙa ba hoto ba ce, na sani. Amma ta isa shaida cewa zuciya ta motsa saboda abin da masoyi ya bari ba raunin imani ba ne.

Shekarun baya mun je lissafin kayan wani dattijo ɗan kasuwar goro. A ƙasan adakarsa aka sami hotonsa yana saurayi, tare da wata mata da babu wanda ya sani cikin ’ya’yan. Babban ɗan ya kife shi da sauri, don kada mahaifiyarsu, wadda ke cikin takaba a bayan labule, ta ji. Sai muryarta ta fito.

"Malam magatakarda, hoton ne?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

Ta ce, "Uwargidana ce, ko da yake ban taɓa ganinta ba. Iyayenta suka tafi da ita shekarar kora, tana da ciki. Ya bi sawu sau biyu bai same su ba. Duk daren Salla yakan buɗe adakar nan, ni kuma sai in ce zan duba tukunya."

Ɗan ya tambaya ko a yage. Ta ce a miƙo mata, ita ke canza masa takardar naɗi tun da mai gidan ya daina gani sosai. Hannu ya fito ta gefen labule ya karɓa. Muka ci gaba da ƙirga buhuna.