Wane Jirgi Za Ka Fara Ƙerawa?

A Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce ƙera kan jirgin ƙasa ɗan ƙarami, wanda ake zuba wa kwal da ruwa, a hura masa wuta, ya ja mai shi da yara uku ko huɗu a kan siririn dogo. Na faɗa cikin wata ƙungiyarsu a shekarun 1980, lokacin da nake karatun injiniya a Derby. Yawancin 'yan ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan reluwe ne da suka yi ritaya, kuma tambayar da suke tarbar baƙo da ita ɗaya ce: wanne za ka fara?

Ni da amsata na zo. Babana ya yi shekaru yana zuba kwal a jiragen da ke tashi daga Zariya, irin waɗanda aka laƙaba wa sunayen koguna, masu wili goma sha biyu, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry ya soma ƙerawa Nijeriya a 1948. Shi nake so. Wani dattijo da ya gama aikinsa a ɗakin zane ya saurare ni har na kai aya, sannan ya jawo takarda. Faɗin tsohon dogon Nijeriya inci 42 ne. In aka ɗora wannan jirgi a kan dogon ƙungiya mai faɗin inci uku da rabi, girmansa zai zama kashi ɗaya cikin 12 na ainihin, alhali jiragen Ingila a kan dogon nan kashi ɗaya ne cikin 16. Wato nawa zai fi na kowa ƙiba da nauyi. Ga shi babu zanensa a kasuwa, babu mai sayar da zubin wilinsa ko silindarsa. Sai na sassaƙa samfurin kowane yanki da katako na kai maƙera su zuba mini. Ya ce, "Samari, wannan jirginka na uku ne. Nemo na farko."

Sai na karkata ga mafi ƙanƙanta, Tich, mai wili huɗu, wanda mutum zai rungume shi ya hau bas. Zanen LBSC ne, sunan alƙalamin Lillian Lawrence, mutumin da ya shafe shekaru sama da arba'in yana koya wa masu ƙaramin ɗakin aiki wannan sana'a a mujallu, musamman Model Engineer, har ya rasu a 1967. Tich yana da arha, littafinsa kuma yana bi da kai daki-daki. Amma na tsaya na kalli masu shi a bakin dogo. Murhunsa bai wuce akwatin ashana ba da wani abin kirki. Wuta kaɗan ba ta da haƙuri: ka ƙara kwal cokali ɗaya ta shaƙe, ka ɗan yi jinkiri ta mutu, ka tura ruwan sanyi cikin tukunya allurar tururi ta faɗi. Gwanaye suna tuƙa shi lafiya lau, sabon hannu kuwa rabin yininsa a tsaye yake yi yana jiran tururi. Kuma ƙanƙantar ba ta rage aiki. Duk abin da ke jikin babba yana jikinsa, sai dai a nan kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya hana fistin motsi.

A ɗaya gefen akwai Simplex na Martin Evans, mai wili shida, na dogo mai inci biyar. Jarumi ne wajen ja, wutarsa kuma tana yafe wa mai koyo. Sai dai mutum biyu ke ɗaga shi, ni kuwa a bene nake haya, ba ni da mota. Masu Sweet Pea na Jack Buckler su ma sun yi ta zuga ni, saboda tukunyarsa mulmulalliya ce mai sauƙin haɗawa. Nauyin dai shi ne ya sake tare hanya. Akwai kuma lissafin jan ƙarfe, domin tukunya ita ke cinye kuɗi, kuma kowane ƙarin faɗi yana nufin ƙarin sinadarin azurfa da wutar da ta fi ƙarfin abin hura wutar da nake iya ara.

A ƙarshe Rob Roy na ɗauka, shi ma na Martin Evans, ɗan jirgin tashar jiragen ruwa na kamfanin Caledonian a Sikotilan, mai wili shida a kan inci uku da rabi. Ba shi da kyan da zai sa a waiwayo. Amma tankin ruwansa a jikinsa yake, saboda haka babu taragon kwal da zan ƙera daban. Wilinsa yana shiga injin sassaƙa ƙarfe na Myford ML7 da ke rumfar ƙungiya ba tare da dabara ba. Ana sayar da zubinsa da zanensa. Abin da ya fi duka a wurina, mutum uku a ƙungiyar sun riga sun gama nasu, sun san wuraren da awon zane bai dace da juna ba, sun yi musu alama da jan biro. Mai zaɓen jirgin farko ya fara duba abin da maƙwabtansa suka ƙera kafin ya duba hoto a mujalla. Har yau ra'ayina ke nan, ko da yake na san masu cewa in ba ka ƙaunar jirgi ba za ka jure shekarun aikinsa ba, kuma ƙarƙashin teburan Ingila cike yake da firam ɗin da aka watsar.

Tukunyar ce ta fi cin lokaci. Kafin a yarda ka kunna mata wuta a gaban jama'a, sai mai duba tukwane na ƙungiya ya cika ta da ruwan sanyi, ya matsa da famfo har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi, fam 160 maimakon 80, yana bin kowace gaɓa da fitila. Tawa ta yi gumi a gindin bututu ɗaya. Na mayar da ita wuta, a gwaji na gaba ya sa hannu a takarda.