Akori-kura a Hanyar Bilbis

Ban yi niyyar shiga akori-kura ba. Motar da zan bi daga Gusau zuwa Bilbis ce ta cika ta bar ni, sai wani dattijon direba da ke ɗaure buhunan taki a bayan tsohuwar Fijo 504 ya ce in ba na ƙyamar ƙura, akwai wuri a gaba. Na zauna, amma ba mu tashi ba. Sai da ya buɗe bonet, ya zaro sandar auna baƙin mai ya goge ya sake tsomawa, ya danna fambel da babban yatsa, ya leƙa lagireto, sannan ya tayar da injin ya tsaya yana sauraro kamar mai jiran a faɗa masa wani sirri. Na ƙosa, na ce, "Baba, rana tana yi." Ya ce gara ta yi mana a tasha.

Wanda bai san hanyar ba zai ɗauka tsufa ne. Bilbis gunduma ce a ƙaramar hukumar Tsafe, ta wajen iyakar Katsina. Daga Gusau za ka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu, ka shiga Tsafe, ka miƙe kan titin Funtuwa. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare wannan titi suna kwashe matafiya. A wasu wurare, in mota ta mutu a hanya, asarar yini ce da kuɗin bakanike. A nan kuwa tana iya zama asarar gona, domin gonar za a sayar a biya fansa.

Motar ta girmi yawancin ɗaliban da za su karanta wannan shafi. Irinta ake haɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, kuma an daɗe da daina yin ta. Abin da ya rage mata na asali, in ji mai ita, bai wuce ƙashin jiki da sitiyari ba. Injin na uku ne, ɗan Kwatano, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo shi. An sake masa rin, an wanke kan silinda, an sa sabon gaskit. Lagireton mai layi biyu ne, don ya riƙe ruwa da yawa. An ƙara ganyen sifirin a baya saboda lodi. Matatar fetur kuwa biyu ya jera, ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ce ya fi yi wa bayani.

Dalilinsa yana da tarihi. A watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, mai ya yi wuya a ƙauyuka, direba ya koma zuba duk abin da ya samu. Fetur ɗin da ya kwana a jarka yakan zo da ruwa da laka. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe jet ɗin kafireta, injin ya fara shaƙewa daidai lokacin da ake buƙatar ya ja. Tun daga nan bai yarda da matata ɗaya ba. Sai kuma 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Direbobi suka yi ta kai motocinsu a matse musu kafireta don ta rage sha. Shi ma ya matse tasa, ya ce, har ranar da ya taka totur a kan hawa da buhu ashirin a baya, motar ta amsa masa da tari. Washegari ya mayar da ita yadda take.

A nan na ga bambancinsa da samarin da ke cire salansa don motar ta yi ruri. Ƙarfin da yake nema ba na tsere ba ne. So yake injin ya tashi da murɗa makulli ɗaya, ya ja lodi ba tare da allurar zafi ta haura ba, ya amsa nan take in an ga abin da ba a so a gaba ana neman juyawa.

Wuri ɗaya muka saɓa. Kamar yawancin motocin ƙasar nan, an cire wa tasa tamostat, ɗan murfin nan da ke tsare ruwa a cikin injin har ya ɗumama kafin ya sake shi zuwa lagireto. Kanikawanmu sun haƙiƙance cewa kayan ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda ba. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yakan ƙara shan fetur, ya tara baƙin hayaƙi a fulogi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya gangara ya tsinka baƙin mai. Da asubahin hunturu a Tsafe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ke sa mota zafi galibi lagireto ne da ruwan rijiya ya cika da tsatsa da gishiri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce tamostat in ya maƙale a rufe, injin zai tafasa cikin minti kaɗan, kuma ba ya sanarwa kafin ya maƙale. Ya fi son asarar da ya sani a kan wadda za ta same shi bayan Tsafe. Na yi shiru. A littafi ni ke da gaskiya, amma ba ni zan kwana a daji ba.

Bayan Tsafe hira ta mutu da kanta. Ya kashe rediyo. Idonsa na kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin muddin suna zuwa, hanya a buɗe take. In suka ɗauke na ɗan lokaci, kowane direba ya san ma'anarsa. Gefen titi karan masara ne da dawa da aka girbe, sai gonakin da ciyawa ta cinye saboda masu su sun daina zuwa. A wannan shirun ne na fara jin injin da kunnensa: sauti ɗaya, ba ya hawa ba ya sauka.

Mun isa Bilbis kafin azahar. Yara suka yanyame motar, manoma suka zo karɓar takinsu, wani ya fara cinikin a kai masa waken suya Tsafe. Direban bai tsaya jin farashi ba. Ya sake buɗe bonet, ya kwance matatar iska ya bubbuga ta a jikin taya, jar ƙura ta tashi. Ya ɗaga ta ya duba ta a hasken rana, ya ce wa yaron motarsa ta kusa, ranar kasuwa za a sayi sabuwa. Sannan ya dubi inuwar bango, ya ce a hanzarta lodi, yana so ya wuce Tsafe kafin la'asar.