GARUN DA KE ƘARƘASHIN TEKU A TSIBIRAN POOR KNIGHTS

Idan jirgin ruwa ya tashi daga ɗan garin Tutukaka da ke arewacin ƙasar Niyu Zilan, bayan tafiyar kimanin kilomita 23 zai iske waɗansu tsibirai masu duwatsu tsaye kamar ganuwar birni. Su ne Poor Knights, sunan da Kyaftin Cook na Ingila ya laƙaba musu a 1769. Manyan cikinsu biyu ne, Tawhiti Rahi da Aorangi, kuma ba mahaluƙin da ke kwana a kansu. Mutanen Maori sun zauna nan a dā, amma a farkon shekarun 1820 abokan gaba suka auka musu sa'ad da mazajensu suka tafi yaƙi, suka hallaka galibin waɗanda aka bari a gida. Da sarkinsu Tatua ya komo ya ga abin da ya auku, sai ya haramta zama a wurin. Har yau ba a taka ƙasar sai da takardar izni.

Abin da ke kai baƙi can yana ƙarƙashin ruwa. Tsibiran ragowar tsohon dutse ne mai aman wuta, saboda haka gangarensu ba ya tsayawa a bakin ruwa, zarcewa yake yi ƙasa a miƙe, a waɗansu wurare har kusan mita 100. Shi ne masu nutso ke kira garu.

Mai nutso kan goya tulun iska, ya sa tabarau da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa, sa'an nan ya faɗa ruwa. Da fari ciyawar teku zai gani tana rangaji. In ya ƙara nitsewa sai ta ƙare, jikin dutsen ya cika da halittu masu kama da soso, ko'ina ba masaka tsinke. Daga nesa duk shuɗi-shuɗi suke, domin ruwa yakan haɗiye jan launi tun a mitocin farko, amma da ya haska tocila sai ja da ruwan ɗorawa su bayyana kamar an shanya atamfa. Igiyar ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga arewa takan kawo kifayen ƙasashen zafi, su cuɗanya da na sanyi. Da bazarar can, watau Disamba zuwa Fabrairu, kifayen nan masu faɗi kamar faifai, masu dafi a wutsiya, sukan yi dandazo a wata ƙofar dutse da ake kira Northern Arch.

To, amma garu ba wurin wasa ba ne. A wani wurin yashin ƙasa ke tsayar da mutum, a nan kuwa ba abin da ke ƙarƙashinsa sai duhu. Kowace mita 10 nauyin ruwa ƙaruwa yake yi, har a mita 30 mutum na shan iskar tulunsa ninki huɗu na yadda zai sha a sama. A wannan zurfin ne kuma iskar naitirojin ke fara juya kai, mutum ya ji wani irin maye, ya manta da duba agogon zurfi alhali yana ta zurarewa ƙasa. Shi ya sa aka yanke wa masu nutson nishaɗi iyaka a mita 40, kuma ba mai shiga shi kaɗai. Fitowa ma sai a sannu, da ɗan dakatawa na minti 3 a mita 5. Wanda ya yi gaggawa, iskar nan takan yi kumfa a jininsa, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali.

Gwamnati ta keɓe ruwan tsibiran a 1981, amma ta bar ƙofa ga masu fatsa, sai a 1998 aka hana kamun kifi ɗungurungum. Tun daga nan kifaye suka yawaita, suka girma, suka kuma daina tsoron ɗan Adam, har wani yakan matso dab da tabarau ya tsura wa mai nutso ido.

Kafin a juya gida, matuƙa kan shiga da jirgi sukutum cikin kogon Rikoriko, su kashe inji, baƙi su yi waƙa su ji yadda dutse ke amsawa.