Ruwa a Akwatin Fitilun Maulidi

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, shi ya sa bukukuwan Musulunci ke ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara a kalandar Miladiyya. A 2015 Maulidi ya zo a ƙarshen Disamba, cikin hunturu, lokacin da ƙura kaɗai ake jiye wa kayan lantarki. A 2024 kuwa ranar 16 ga Satumba aka yi hutunsa, damina ba ta gama tattara kayanta daga Kano ba. A tsakanin shekarun nan ne fitilun ado masu sauya launi suka cika unguwanni, ana zagaye ƙofar masallaci da ta Islamiyya da su. Sai dai masu rataya su a rani suka koyi aikin, har yau kuma da lissafin rani suke yin sa.

Fitilun kansu a lulluɓe suke da roba. Raunin yana ga ɗan akwatin da ke ba su umarni, wanda masu gyara ke kira kwantirola. A cikinsa akwai sashen da ke sauke wutar gida daga bolt 230 zuwa 12, sai fanel mai tsara wane launi zai kama, da lokacin da zai mutu. Namu da kuɗin karo-karo aka saya, har da na mata masu sayar da ƙosai. Saura kwana huɗu Maulidi aka kwana ana ruwa da iska, ruwan ya bi wayar da ta shiga akwatin ta sama, ya taru a ciki. Abin da ya cece shi abu ne da kullum muke tsine wa: an ɗauke wuta tun hadari bai sauko ba.

Da safe aka aiko kirana, tun da ni ne ɗan unguwar da ya karanta lantarki a jami'a. Na tarar da matasa sun jawo janareta, wai a gwada a gani. Ai gwajin nan shi ke kashe na'ura. Tsantsar ruwa ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma ruwan da ya wanke kwanon rufi da bango ya kwaso ƙura da gishiri iri-iri. Layukan jan ƙarfen da ke kan fanel kuwa, wasu tazararsu ba ta kai milimita ɗaya ba. Da zarar wuta ta shiga, sai ta ratsa ruwan daga layi zuwa layi, tana cin ƙarfen wani gefe, tana barin wani busshen gari fari-kore, har layin ya yanke. A ɓangaren bolt 230 ma ba a kaiwa can. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Na zare filogi, na sauko da akwatin, amma ban sa yatsa a ciki ba sai da na auna babbar kafasita da mita. Takan riƙe sama da bolt 300 bayan an cire wuta, ba ta kuma yin gargaɗi.

Can sai ga kwanon shinkafa daga cikin gida. Na yi godiya na mayar. Shinkafa ba ta fi iska mai kaɗawa busar da abu ba, tana barin garinta a kai, kuma ko da ta shanye ruwan, gishirin yana nan yana jiran danshi na gaba. Magani shi ne wanki. Na samo sifirit mai ƙarfi, irin wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, na bi ko'ina da tsohon buroshin haƙori. Mai unguwa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, abin da ruwa ya ɓata, da ruwa za ka gyara?" Na ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan yana haɗuwa da wancan ne ya fito da shi daga ƙarƙashin ƙananan kayan, sannan ya bi iska." Bai ce ya gamsu ba, ya dai bar ni.

Daga nan babu sauran aiki sai jira, nan ne kuma wahalar take. Na ajiye fanel ɗin a inuwa gaban fanka mai caji. Na ƙi na'urar busar da gashi, domin takan tura ruwa can ciki, zafinta kuma yana lanƙwasa roba. Bayan awa biyu saman ya bushe ƙarau, amma ruwa yakan laɓe cikin naɗin taransifoma da ramukan kusoshi kwana da kwanaki. Yara suka tattaro mini 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, da dare na rufe su tare da fanel ɗin a cikin roba mai murfi. A halin nan unguwar da ke maƙwabtaka da mu ta kunna nata, ana hango shi daga ƙofar masallacinmu. Na ji ana cewa digiri dai jan lokaci ne. Na kuma san idan bayan duk wannan na kunna ya ƙone, babu kuɗin sabo a asusun kwamiti, sunana ne zai biya.

A rana ta uku na gwada, shi ma hawa-hawa. Na jona tsohon ƙwan fitila mai zare a kan hanyar wutar, dabarar da na gani wurin wani dattijo mai gyaran rediyo: idan akwai inda waya ta haɗu, ƙwan zai kama da ƙarfi ya tsaya haka, ya tare ɓarnar. Ya ɗan yi walƙiya ya dushe. Mita ta nuna bolt 12. Na jona layukan fitilu ɗaya bayan ɗaya, uku suka kama, na huɗu ya ƙi sai da na canza kusar da tsatsa ta ci.

A bayan akwatin an rubuta IP20. Lamba ta biyu ita ke nuna kariya daga ruwa, sifili kuwa na nufin babu ko kaɗan. Na waje irin IP65 ake nema. Wasu suka ce a naɗe shi da leda, na hana, domin leda tana tara gumi a ciki idan rana ta buga ta. Muka mayar da shi ƙarƙashin rumfar soro, ramukan wayoyi na kallon ƙasa, muka lanƙwasa kowace waya ta sauka ƙasa da akwatin kafin ta hau ta shiga. Daren Takutaha aka sake yin yayyafi, na leƙa da tocila, ruwan na ɗiga daga gindin lanƙwasar zuwa ƙasa.