Bakin yaro, zuciyar marubuci

A shirinmu na daren jiya wani dattijo ya bugo waya, ya ce littafin Shaihu Umar ya halatta bauta. Mun kwana da maganar nan a rai.

Mu da muka yi kwalej da Faransanci, mun fara koyon gatse ne wajen Ferdinand Oyono na Kamaru, cikin Une vie de boy na 1956. Yaro Toundi yana alfahari da zama boyin kwamanda, yana yaba Turawa da zuciya ɗaya, har dukansu ya yi ajalinsa. Yaro na yabo, marubuci na zambo. Wannan ko ɗan aji ya gane.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi wuya. Littafin ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. An sace Umar yana ƙarami, an ƙetara Sahara da shi, ya dawo babban malami. Yana ba ɗalibansa labari cikin natsuwa, kome ya ce ƙaddara ce. To Baba, a nan kam kuna da hujja: Umar bai tsine wa kowa ba.

Amma fa ku dubi uwarsa. Ta fito neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita, ta sha wuya har Tarabulus. Da suka sadu, ba ta daɗe ba ta rasu. Wa ya tsara haka? Marubuci. Da nufinsa yabon bauta ne, da sai ya bar mu da ɗaukakar Umar kaɗai. Mu a ganinmu, Ɓalewa ya sa haƙuri a bakin ɗa, ya sa hukunci a jikin uwa.

Abin ya shafe mu ƙwarai. Ayarin Tarabulus ta Damagaram yake bi, kuma ba fata da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci kan bauta. Har yau akwai gidan da ake fasa aure saboda asali.

In ƴaƴanku sun karanta, ku tambaye su: wa ke magana, wa kuma ya sha wuyar? Baba, layinmu a buɗe yake ranar Asabar, muna jiran amsarku.